Ciwo mai tsanani ga wanda yake kan maganin barin ƙwaya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan maimaituwa a bakin masu karɓar metadon, bufrenofin ko naltirezon don rabuwa da ƙwayoyi dangin ofiyom, irin su hiroyin, mofin, kodin da tiramadol, da kuma a bakin 'yan'uwan da suke jinyarsu. Maganar a kan ciwon da ya faɗo kwatsam ce, wanda yake da ranar farawa da ranar warkewa: karaya, ƙuna, tiyata, cire haƙori, naƙuda, tashin sikila. Ciwon da ya zama abokin zama shekara da shekaru hanyarsa daban. Alƙaluman da ke ƙasa an kawo su ne don mutum ya gane abin da likita yake yi, ya san abin da zai tambaya. Auna magani aikin likita ne.

1. Ina shan metadon kullum. Me ya sa nake jin zafin karayar nan kamar ban sha komai ba?

Saboda metadon aiki biyu yake yi, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Yana daɗewa a jini, shi ya sa shan safe sau ɗaya yake riƙe mutum awa 24 ko fiye ba tare da jiki ya tashi neman ƙwaya ba. Wannan ne aikin da Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a Amurka a 1965, kuma a kansa aka gina tsarin sha sau ɗaya a rana. Amma ƙarfinsa na kashe zafi awa 6 zuwa 8 ne kacal. Wanda ya sha da takwas na safe, kafin yamma wannan ɓangaren ya ƙare. Bufrenofin ma haka yake.

Ga kuma sabo. Jikin da ya shekara yana karɓar miligiram 80 kullum ya ɗauki wannan adadin a matsayin abin da zai tsaya da ƙafafunsa kawai. Kamar albashi ne da aka gama kasafta shi tun kafin ya shigo; in wata lalura ta faɗo, sai an nemo wani kuɗin. Sabon ciwo yana buƙatar nasa maganin a kan wanda ka saba sha.

2. Wai da gaske mun fi sauran mutane jin zafi, ko raki ne?

Ba raki ba ne. Daɗewa a kan dangin ofiyom yana sa jijiyoyin da suke kai saƙon zafi su ƙara kaifi. An gwada wannan ta hanya mai sauƙi: a sa mutum ya tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, a ƙirga daƙiƙun da zai iya jurewa. Masu shan metadon na dogon lokaci sukan zare hannu da wuri fiye da waɗanda ba sa sha. Idan aka haɗa wannan da sabon da aka yi bayani a tambaya ta 1, sai a ga mai irin wannan magani yakan buƙaci maganin ciwo fiye da na kowa, a lokacin da ma'aikata da yawa suke ganin ƙasa da na kowa ya dace da shi.

3. In na faɗa wa likita ina kan magani, ba za a yi mini kallon ɗan ƙwaya a hana ni maganin ciwo ba?

Wannan tsoron yana da tushe, ba za a yi maka musu ba. Akwai ma'aikatan da fuskarsu takan canza da jin sunan metadon. Duk da haka ɓoyewa ta fi tsada. Ka ɗauki misalin mutumin da aka yi wa aikin ƙafa, bai faɗa wa kowa komai ba. Kwana biyu bayan tiyata ga shi yana ta hamma, hanci na yoyo, tsigar jiki a tashe, zanin gado sharkaf da gumi, ciki na murɗawa. Ma'aikata suna ɗibar jini suna neman ƙwayar cuta a ciwon, alhali kwana biyu ke nan bai sha metadon ɗinsa ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne a yi masa allurar da za ta jefa shi nan take cikin ciwon yankewa, wato rikicewar da jiki yake yi in ƙwayar da ya saba da ita ta yanke masa (duba tambaya ta 10).

Abin da ya kamata ka faɗa: sunan maganin, adadin da kake sha, ranar da lokacin da ka sha na ƙarshe, da lambar wayar cibiyar da take ba ka. In kana haɗawa da wani abu a gefe, giya ce, ƙwayar barci ce, ko hiroyin, shi ma ka faɗa. Mai ba da allurar barci a kan wannan bayanin yake yin lissafinsa, kuma da lissafinsa numfashinka ya dogara. Yana da kyau ka rubuta duk wannan a ɗan kati ka ajiye a aljihu, don ranar da za a kawo ka ba ka iya magana.

4. Idan aka ba ni mofin a asibiti, ba zai mayar da ni gidan jiya ba?

Mutanen da suka sha wahala kafin su tsaya da ƙafafunsu su suka fi yin wannan tambayar, kuma da gaskiyarsu. Sai dai abin da aka fi gani shi ne akasin haka. Zafin da aka bari babu magani shi yake hana barci, ya tayar da ƙishirwar ƙwaya, ya sa mutum ya tattara kayansa ya bar asibiti ba sallama, ya je ya nemi sauƙi inda ya san ana samu. Mofin da aka bayar a kan ƙa'ida, na 'yan kwanaki, mutum yana ci gaba da maganinsa na kullum, hatsarinsa bai kai wannan ba.

Kana da haƙƙin ka ce a fara da duk wata hanya kafin a kai ga mofin, kuma likita mai hankali zai saurare ka. Abin da ba shi da amfani shi ne cije leɓe don nuna jarunta. Ka tambaya tun farko: kwana nawa za a ba ni, yaya za a rage, wa zai riƙe maganin bayan sallama? Tambaya ta 14 ta yi bayanin wannan.

5. Me ake farawa da shi kafin a kai ga ƙwayoyi masu ƙarfi?

Ana tarar zafin ta ƙofofi da yawa a lokaci guda. Farasitamol a kan lokaci, giram 1 duk awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a awa 24. Ana rage wa mai ciwon hanta, mai yawan shan giya, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. Sai dangin ibufurofen da diklofenak, waɗanda suke da ƙarfi ƙwarai a kan ciwon ƙashi, kumburi da haƙori, amma ba su dace da mai ciwon ƙoda, gyambon ciki ko zubar jini ba. Mutane suna raina waɗannan biyun saboda arharsu a ido. Idan aka haɗa su aka sha a kan agogo, ba sai zafi ya taso ba, suna rage buƙatar mofin sosai.

A ganina mafi daraja ga mai irin wannan magani ita ce allurar kashe jijiya, wadda ake yi da lidoken ko bufibaken a kusa da jijiyar da take kai wa wurin ciwon, ko kuma a gadon baya. Sabo da ofiyom bai shafe ta ba ko kaɗan, don hanyar aikinta daban ce. Ana iya barin ɗan siririn bututu a wurin a ci gaba da ɗura maganin kwana biyu ko uku. Haka nan ketamin ɗan kaɗan ta jijiyar jini, ƙasa sosai da wanda ake sa barci da shi, yana taimakawa musamman a kan kaifin jijiyoyin da aka ambata a tambaya ta 2. Kada kuma a manta da abubuwan da ba magani ba: ɗaure karaya da kyau, ɗaga ƙafa, ƙanƙara a kan kumburi.

6. An kwantar da ni. Yaya za a yi da metadon ɗina?

Ci gaba za a yi da shi. Da farko za a kira cibiyarka a tabbatar da adadin da ranar sha na ƙarshe. Wannan ba rashin yarda ba ne: adadin da mai sabo yake sha ya tafi harkarsa zai iya kashe wanda bai saba ba. Idan dare ne ba a samu kowa ba, akan ba da ɗan kaɗan, kamar miligiram 20 zuwa 30, don tare ciwon yankewa kafin gari ya waye. Idan ka yi kwana 3 ko fiye ba ka sha ba, sabon ya fara raguwa, saboda haka ba za a mayar da kai kan cikakken adadin kai tsaye ba.

Dabarar da ake yawan yi ita ce a raba adadin yini gida uku ko huɗu, misali mai shan miligiram 90 ya sha 30 duk awa 8, don a ci moriyar awannin kashe zafin nan. In bai isa ba, sai a ɗora mai gajeren aiki a kai, kamar mofin ko fentanil, sau da yawa da adadin da ya fi na mutumin da bai saba ba, kuma a kan lokaci. Wasu asibitoci suna da na'urar da majinyaci yake danna maɓalli da kansa ta ba shi ɗan awo, tana da makullin da yake hana wuce iyaka. Abin da ba a so shi ne a yi ta ƙara metadon ɗin kansa da gaggawa, domin taruwa yake yi a jiki. Ƙarin yau sai bayan kwanaki yake nuna cikakken ƙarfinsa, wataƙila cikin dare mutum yana barci.

Abu biyu kuma. In an hana ka ci da sha saboda tiyata, akwai metadon na allura, kuma adadinsa yakan kai kusan rabin na baki. Sannan metadon yana iya jirkita bugun zuciya, don haka akan yi gwajin zuciya na takarda, musamman in za a haɗa da magunguna irin su ondansitiron na amai, eritiromaisin ko halofiridol. Rifamfisin na tarin fuka kuwa zuƙe metadon yake yi daga jini, ya bar mutum cikin yankewa.

7. Ni bufrenofin nake sha, an ce yana toshe sauran magunguna. Sai na daina kafin tiyata?

Tsohuwar shawara ke nan, kuma har yanzu za ka ji ta a bakin wasu. Dalilinta shi ne bufrenofin, wanda aka fi sani da Subutex ko Suboxone, yana kama gurbin ofiyom a jijiya ya riƙe gam, sai aka zaci babu wurin da mofin zai zauna. Daga baya aka ga cewa ba duka gurabe yake cikewa ba, kuma magunguna irin su fentanil da haidiromofon suna aiki a kansa in an ba da isasshe. Ƙungiyar likitocin magance jaraba ta Amurka, a jagoran da ta sabunta a 2020, ta ce ba dole ba ne a dakatar da shi kafin tiyata. Yanzu akasari ci gaba ake yi, a raba shi gida uku ko huɗu kamar yadda aka ce a tambaya ta 6. Ga babbar tiyata wasu likitoci sukan rage adadin na ɗan lokaci maimakon tsayarwa. Da yake a ƙarƙashin harshe ake sa shi, hana ci da sha bai shafe shi ba.

Matsalar dainawa a wajen komawa take. Ɗora mofin a kan bufrenofin ba ya jawo yankewa. Amma shigo da bufrenofin cikin jikin da mofin ya riga ya cika yana ture mofin ɗin daga gurbinsa lokaci guda, ciwon yankewa mai tsanani ya sauko cikin ƙasa da awa ɗaya ko biyu. Don haka wanda ya daina sai ya jira awa 12 zuwa 24 bayan mofin na ƙarshe, har alamun yankewa su bayyana, sannan ya koma. A wannan tsakanin ne mutane da yawa suke zamewa. Akwai hanyar komawa da ɗan mitsitsin awo ana ƙarawa kullum, wadda aka fara bayyanawa a birnin Bern na Suwizalan, amma ita ma sai da likita. Naloksan ɗin da yake cikin Suboxone kuwa, wato maganin da yake warware aikin ofiyom, kusan ba ya shiga jini ta ƙarƙashin harshe, ba shi ne abin damuwa ba.

8. Bufrenofin ɗina na allura ne na wata-wata. Akwai bambanci?

Sublocade da Buvidal suna zama a ƙarƙashin fata suna sakin magani a hankali, ba a raba su, ba a kuma tsayar da su ranar tiyata. Ka faɗi ranar allurarka ta ƙarshe. Sauran duk kamar tambaya ta 5 da ta 7 ne, har ana iya ƙara ɗan bufrenofin na ƙarƙashin harshe don zafin.

9. Naltirezon fa?

Shi lamarinsa daban ne gaba ɗaya, domin shi ba ofiyom ba ne, ƙofar da ofiyom yake shiga ita yake rufewa. Muddin yana jiki, mofin na awon yau da kullum ba zai yi aiki ba. Idan tiyatar shiryayyiya ce, na baki ana tsayar da shi awa 72 kafin aiki; na allura, wato Vivitrol mai miligiram 380, ana sa ranar aiki kusan wata guda bayan allurar ƙarshe. Idan hatsari ne babu shiri, ana dogara da allurar kashe jijiya, ketamin da sauran abin da ke tambaya ta 5. In dole sai an yi amfani da ofiyom, adadi mai yawa ake buƙata don a rinjayi toshewar, kuma wannan sai a ɗakin da ake sa ido a kan numfashi dare da rana.

Tarkon yana bayan maganin ya fita. Sabo ya tafi, gurabe sun ƙara kaifi, awon da mutum yake ɗauka da can zai iya tsayar masa da numfashi yanzu. Komawa kan naltirezon kuma sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu ofiyom a jiki.

10. Waɗanne magunguna ne zan ce a dakata in na ji za a ba ni?

Na farko fentazosin, nalbufin da butofanol. Ga mai shan metadon, allura ɗaya daga cikinsu tana iya jawo yankewa nan take, zafin ma ya ninku. Fetidin yana barin wani guba a jiki da yake jawo farfaɗiya in an maimaita shi. Tiramadol da kodin ba su da ƙarfin da zai yi wa mai sabo wani abin kirki, tiramadol kuma in ya yi yawa shi ma yana kawo jijjiga. Sai masu sa barci: dayazifam da danginsa, da gabafentin da firigabalin. Akwai lokacin da likita zai ga dacewarsu, amma haɗa su da metadon ko bufrenofin yana danne numfashi, haka ma giya.

11. Yaya za a gane zafin gaske daga ciwon yankewa, ko daga neman ƙwaya?

Yankewa tana da alamunta: hamma, hawaye, yoyon hanci, baƙin ido ya buɗe, gumi, zawo, ciwo a ko'ina ba wuri ɗaya ba. Zafin rauni yana da mazauni, yana ƙaruwa da motsi ko tari. Sau da yawa kuma tare suke zuwa, kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa, shi ya sa ake fara gyara maganin kullum kafin a yi hukunci a kan zafin.

Majinyacin da yake kallon agogo, yana kiran sunan magani, yana danna ƙararrawa, ba lallai wayo yake yi ba. Wanda aka ba rabin abin da yake buƙata haka zai yi, ko waye shi. Ma'auni mafi adalci shi ne abin da mutum yake iya yi: yana jan numfashi mai zurfi, yana tari, yana juyawa a gado, yana samun barci?

12. Ni mai jinya ce. Me zan duba don kada magani ya yi masa yawa?

Barci ne yake fara nunawa kafin numfashi. Idan yana gyangyaɗi a tsakiyar magana, ko sai kin girgiza shi sosai yake farkawa, ki kira ma'aikata tun a nan. Sauran alamu: numfashi ƙasa da 10 a minti, minshari mai ƙara irin wanda ba ki san shi da shi ba, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce su yi toka-toka. Maganin wannan shi ne naloksan, na allura ko na fesawa a hanci irin Narcan. Aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, metadon kuwa ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, don haka ko ya farka ya ce lafiyarsa lau, asibiti za a tafi.

13. Ina da ciki, ina kan magani. Yaya naƙuda za ta kasance?

Ki ci gaba da shan maganinki har ranar haihuwa da bayanta. Yankewa kwatsam tana cutar da abin da ke cikin. Allurar gadon baya tana aiki a jikinki kamar na kowace mace. Ki tabbatar ungozoma ta san kada a yi miki magungunan farko na tambaya ta 10, domin ana yawan amfani da su a ɗakin haihuwa. In tiyata aka yi, mai yiwuwa ki buƙaci maganin ciwo fiye da maƙwabciyar gadonki, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Dangin ibufurofen ana guje musu a ƙarshen ciki, amma bayan haihuwa suna da amfani. Za a riƙe jariri 'yan kwanaki a duba alamun yankewa, kuma shayarwa tana sauƙaƙa masa, in babu wani dalilin da ya hana. Kodin da tiramadol ne ba a so ga mai shayarwa.

14. An sallame ni da ƙwayoyin ciwo. Yaya zan yi da su?

Kwanakin farko bayan sallama su ne mafi hatsari. Ka nemi a ba ka na 'yan kwanaki kawai, da jadawalin ragewa a rubuce, kuma likita ɗaya ne zai riƙa rubutawa. In kana tsoron kanka, ka damƙa wa wanda ka amince da shi ya riƙa ba ka na yini-yini. Ka karɓi takardar da ta nuna abin da aka ba ka a asibiti, da ranar da lokacin metadon ko bufrenofin na ƙarshe: cibiyarka tana buƙatarta don kada a ninka maka ko a bar ka da giɓi, kuma ita za ta yi bayanin abin da gwajin fitsari zai nuna. Ka tafi gida da naloksan. A kulle magungunan, domin kurɓin metadon kaɗan ya isa ya kashe yaro. Mai sikila, wanda ya san ciwon zai dawo, ya nemi a rubuta masa tsayayyen shiri guda da likitan jininsa da cibiyarsa suka amince da shi, ya riƙa zuwa da shi duk ranar da ciwon ya tashi.

15. Na gama magani shekara biyu da suka wuce, ba na shan komai. Ni ma wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, amma ta wata fuskar. Sabonka ya tafi, saboda haka awon mutumin da bai taɓa sha ba za a fara maka da shi. Adadin da ka tuna kana ɗauka da can yanzu guba ne a gare ka. Abin da bai tafi ba shi ne tunin da ƙwaƙwalwa take da shi, kuma kwana uku na mofin suna iya tayar da shi. Ka faɗa wa likita tarihinka tun kafin aiki, ka nemi allurar kashe jijiya in wurin ya ba da dama, ka bi tsarin tambaya ta 14 wajen riƙe ƙwayoyi. In ka ji ƙishirwar ta dawo bayan ciwon ya warke, ka koma cibiyar da ka sani a makon, a duba ko komawa kan bufrenofin na wani lokaci ya dace da kai.